Dokar Ingila ta 1837 da Gadon Musulmin Zariya

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, dukiyar mamaci tana bin tsari sananne. Ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba ragowar ga magada. Wasiyyar kuwa tana da iyaka biyu: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Wato ikon mutum a kan gidansa da kuɗinsa yana raguwa matuƙa da zarar ya cika.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wata fahimta daban. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta bai wa mai dukiya damar barin abin da ya mallaka ga duk wanda ya ga dama, ko da zai hana 'ya'yan cikinsa. Ta shigo Nijeriya ne ta ƙa'idar da ta ce dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 za su yi aiki a nan ma. Tsarin biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa shekaru da dama, har ranar da suka yi karo.

Karon ya zo ne a shari'ar Yunusa da Adesubokan. Wani Musulmi mazaunin Zariya ya rubuta wasiyya bisa tsarin dokar Ingila, ya fifita wasu daga cikin 'ya'yansa a kan wasu wajen rabon. Ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara. A 1968 Mai Shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya yanke cewa Musulmi yana iya rubuta wasiyya ƙarƙashin dokar, amma ba zai tsallake iyakokin Malikiyya ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce rubutacciyar doka ta ba shi cikakken iko, kuma shari'ar Musulunci, wadda a lokacin ake lissafa ta cikin dokokin gargajiya, ba za ta rinjayi rubutacciyar doka ba.

Abin lura shi ne ita kanta Ingila ta riga ta sassauta wannan iko. Tun 1938 majalisarta ta ba kotu damar yanka wa iyalin da aka hana wani abu daga dukiyar mamaci. Gyaran bai ƙetaro ba, domin ya zo bayan 1900. Nijeriya ta riƙe tsohuwar rigar da mai ita ya riga ya sake wa ɗinki.

Jihohi ne suka ɗinke ɓarakar. Kaduna da Kwara na cikin waɗanda suka kafa dokokin wasiyya nasu, inda suka tsame wanda ya rasu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wannan iko mara iyaka. A kan haka ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi a shari'ar Ajibaiye a 2007. Tsarin Mulkin 1999 kuma ya sanya gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Saboda haka takardar da lauya ya buga wa hatimi ba ta isa ta sauya rabon magada a waɗannan jihohi ba. Wanda ke son wani ya mallaki gidansa, hanyar da fiƙihu ya sani ita ce kyauta tun yana da rai da lafiya, wanda aka bai wa kuma ya karɓa a hannunsa. Amfanin wasiyya yana wajen bayyana basuka da ajiyoyi, da lissafa filaye da asusun banki, da naɗa wasiyyi amintacce, da ware sulusi ga wanda ba ya gado, kamar jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa. A irin waɗannan wurare ne rashin rubutu yake raba zumunta.