Tarihin Sana'ar Kutse da Izini

Kutse da izini, wato shiga kwamfutocin kamfani ko hukuma da yardar masu su domin a gano ɓarakar da ɓarawo zai iya bi kafin shi ya gano ta, sana'a ce da ba a aji aka haife ta ba, domin magabatanta sun koya wa kansu ita tun kafin jami'o'i su ga akwai abin koyarwa a cikinta. Tushenta yana Amurka, inda a farkon shekarun 1970 wasu matasa suka duƙufa kan binciken layukan tarho, har John Draper ya yi suna da wani usur na roba da ake sakawa kyauta a kwalin abincin karin kumallo, wanda sautinsa ke kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa, daidai da sautin da kamfanin tarho ke sarrafa layukan nesa da shi, ta yadda mai busa shi zai yi kira bai biya ko sisi ba.

Da farko gwamnati ba ta bambanta mai son sani da mai son sata ba, kuma tana da hujja. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar hukunta shiga kwamfuta ba da izini ba, bayan shekara 2 kuma Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci, abin da ya sa aka kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon.

Al'amari ya juya ne a shekarun 1990, lokacin da kamfanoni suka lura cewa 'yan kutsen da suke tsoro su ne suka fi kowa sanin raunin kayansu. Jeff Moss ya fara taron 'yan kutse na DEF CON a Las Vegas a 1993, kamfanin Netscape ya sanya tukuici a 1995 ga duk wanda ya gano aibi a manhajarsa ya sanar da shi, sannan a 1998 mutum 7 na ƙungiyar 'yan kutse ta L0pht suka zauna gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, da laƙabinsu na kutse a rubuce a gabansu maimakon sunayensu, suka shaida wa sanatoci cewa za su iya tsayar da intanet cikin minti 30. Kevin Mitnick ma, ɗan kutsen da aka kama a 1995, da ya fito daga kurkuku a 2000 sai ya zama mai ba kamfanoni shawara kan tsaro.

Mai koyo na yau ya gaji hanya mai sauƙi, domin akwai Kali Linux, tarin kayan gwaji na kyauta da ya fito a 2013, da gasannin da ake ajiye kwamfutoci musamman domin a fasa su. Sharaɗin izini kuwa bai sassauta ba, kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba da yardarsa ba don zamba ko kwasar muhimman bayanai.