Akwatuna Biyu na Terezin

A watan Disamban 1942, 'yan Nazi suka tisa ƙeyar wata malamar zane mai suna Friedl Dicker-Brandeis zuwa Terezin, wani tsohon garin soja da ke arewa da birnin Prague, wanda suka mayar da shi zangon tsare Yahudawa. Nauyin kayan da aka yarda kowane mutum ya ɗauka bai wuce kilo 50 ba. Jama'a suka cika nasu da tufafi da abinci da 'yan kayan tunawa da gida. Ita kuwa sai ta ba da wuri mai yawa ga takardu da fensira da launuka, domin ta san za ta tarar da yara a can.

Tushen wannan shawara tata yana birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. A ƙarni na 19, darasin zane a makarantun Turai kwaikwayo ne tsantsa. Malami ya zana layi ko ganye a allo, yaro ya kwafa, wanda kwafinsa ya fi kama da na malam shi ne gwani. Ana ganin zanen yaro a matsayin na babba wanda bai nuna ba. Wani mai zane, Franz Cizek, ya ƙi yarda da haka. A 1897 ya buɗe ajin zane na yara a Vienna, inda ya hana kwafi, ya kuma hana kansa taɓa aikin yaro da sunan gyara. Yakan ba su fenti da yumɓu da takardar yankawa, ya ba su labari, sannan ya ja gefe. A ganinsa, yaro yana da idonsa na kallon duniya, aikin malami shi ne ya kare idon nan daga hannun manya. Friedl, wadda aka haifa a Vienna a 1898, ta yi karatu a wurinsa, daga baya ta bi malaminta Johannes Itten zuwa makarantar Bauhaus ta Jamus a 1919. Wani abin mamaki, garin da aka haifi Cizek, wato Litomerice, 'yan kilomita ne kawai tsakaninsa da Terezin.

A zangon an haramta wa yara karatun makaranta, amma masu tsaro sun kau da kai daga zane da sana'ar hannu, don sun ɗauke su wasa. Ta wannan kafa Friedl ta shiga. Ta zauna a gidan 'yan mata mai lamba L410, tana kuma zagayawa gidajen yara tana koyarwa. Da kayan da ta zo da su suka yi ƙaranci, sai aka koma amfani da tsofaffin takardun ofis da kwalaye da ƙyallaye da zare.

Darasinta yana da tsari. Takan fara da motsa jiki da daidaita numfashi, ko ta riƙa buga tebur a kan wani kari, yara suna bin sautin da fensir har hannu ya saki. Daga nan ta ba da labari su zana abin da suka ji, ko ta nuna musu hotunan ayyukan tsofaffin gwanayen Turai su sake gina su da yagaggun takardu. Ba ta nufin mayar da su ƙwararrun masu zane. Abin da take nema shi ne yaron da aka raba da iyayensa, aka ƙwace masa gida da makaranta, ya sami sa'a guda da shi ne mai yanke hukunci: wane launi, wane gefe, me za a saka, me za a bari. Ta kuma sa su riƙa rubuta sunayensu a jikin aikin, a wurin da hukuma ta mayar da mutum lamba.

Yaran sun zana gidajen da suka baro, da furanni, da teburin cin abinci na iyali. Sun kuma zana layin karɓar miya da gadaje masu hawa-hawa da jerin mutanen da ake kwashewa.

A kakar 1944 aka tura mijinta Pavel zuwa Auschwitz, ita ma ta nemi a sa ta a jirgin da ya biyo baya. Kafin ta tafi, ta shirya zanen yaran a akwatuna biyu, aka ɓoye. An kashe ta a watan Oktoban shekarar. Pavel ya tsira. Yara kimanin 15,000 ne suka ratsa Terezin, mafi yawansu ba su dawo ba.

Bayan yaƙi aka kai akwatunan Prague. Zane fiye da 4,000 da ke cikinsu suna hannun gidan tarihin Yahudawa na birnin, ana kuma nuna wasu a majami'ar Pinkas. Wata ɗalibarta ta zamanin zamanta a Prague, Edith Kramer, ta tsere zuwa Amurka a 1938, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa fannin jinyar damuwar yara ta hanyar zane.

Har yau, idan kuɗi ko lokaci ya yi wa makaranta ƙaranci, darasin zane ake fara sokewa, bisa hujjar cewa wasa ne. Irin wannan kallo masu tsaron Terezin suka yi masa har suka ƙyale shi. Ga da yawa daga cikin yaran nan, sunan da suka rubuta a ƙasan takarda shi ne kaɗai abin da ya rage na rubutun hannunsu.