Asafo: Ƙungiyoyi Bakwai da Suka Riƙe Garin Kep Kos

Yau tarihinmu zai kai mu nesa da gida, har bakin teku. A ƙauyukanmu da wuya a rasa tsohon da ya taɓa zuwa cin rani Gwalkwas, wato ƙasar da ta zama Gana a 1957. Yawancinsu Kumasi da Ankara suka sani. To, in ka bar Ankara ka bi gaɓar teku ka yi yamma, bayan tafiyar kilomita kamar 150 za ka iske wani tsohon garin masunta. Masu garin, Fanti, suna ce da shi Ogwa, Turawa kuma suka sa masa Kep Kos. Yadda mutanen garin nan suka riƙe kansu da kansu, shi nake so in ba ku labari.

Ku fara sanin irin wurin. Teku ba tabkin Madarunfa ba ne. A bakin gaɓa igiyar ruwa takan taso ta fi tsayin mutum, kuma garin ba shi da tashar da babban jirgi zai tsaya. Sai jirgi ya tsaya can nesa, a je da kwale-kwale a kwaso kaya da mutane. Kifewa kuwa ba baƙon abu ba ce. A tudu ga gobara, don gidaje a cushe suke. Daga arewa ga Tonawa, waɗanda rundunarsu ta sauko har bakin teku a 1807. Akwai dai Turawa cikin babbar ganuwarsu ta dutse, wadda mutanen Suwidin suka fara ginawa a 1653, Ingilishi suka karɓe ta a 1664. Amma su ciniki ya kawo su, na zinariya da na bayi. Tsaron talaka ba ya cikin lissafinsu.

Abin da ya tsare talaka shi ne asafo. A bakin Fanti "sa" yaƙi ke nan, "fo" kuma mutane. Mayaƙan gari ne, ba su da albashi, ba su da bariki. Kowa yana sana'arsa, wani masunci, wani maƙeri, wani kafinta, sai an buga ganga su taru. A Kep Kos ƙungiya bakwai ce, kowace da lambarta da unguwarta: Bentsir, Anaafo, Ntsin, Nkum, Brofomba, Akrampa da Amanful. Asalin Brofomba ma'aikatan ganuwar Turawa ne, Akrampa kuma ƴaƴan da Turawa suka haifa da matan gari. Kun ga ke nan har wanda ba cikakken ɗan gida ba an ba shi wurin tsayawa.

Ga wani abu da ya dace ku lura da shi. A wajen Fanti dangi da gado da sarauta ta wajen uwa suke bi. Amma asafo ta wajen uba ake shigarta: ƙungiyar ubanka ita ce taka. Saboda haka kowane mutum igiya biyu ta ɗaure shi. In an taru a ƙungiya, za ka iske mutane daga dangi dabam-dabam suna aiki ɗaya, suna bin umurnin mutum ɗaya. A ganina nan ƙarfin abin yake. Shugaban kowace ƙungiya sunansa supi, yana da jarumawa a ƙarƙashinsa, cikinsu har da mata masu muƙami. Babban da ke bisa dukkan bakwai ɗin shi ne tufuhen, wato sarkin bindiga.

Yaƙi ba kullum ba ne, aiki kuwa kullum ne. In kwale-kwale ya kife, ganga za a buga, kuma kowa ya san muryar gangar unguwarsu kamar yadda ya san muryar uwarsa. Masu iya iyo su faɗa ruwa, saura su bi gaɓa suna dubawa, ba a watsewa sai an sami mutum, da rai ko babu. In wuta ta kama, su ne. In yaro ya ɓace a daji, su ne. Su ke sassabe hanyoyin gona da na rijiya, su share gari. In ɗan ƙungiya ya mutu, su za su ɗauke shi da kiɗansu da tutarsu, ko da bai bar ko dala ba. Kuma ba a naɗa sarki sai da su; in ya kauce hanya, ta bakinsu talakawa ke faɗa masa.

Amma fa ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Alfaharin unguwa da ke sa mutum ya faɗa teku don ceton maƙwabcinsa, shi ne dai ke sa ya ɗauki bindiga don an raina unguwarsu. Kowace ƙungiya tana da tutoci da ake ɗinka wa hotuna, kowane hoto karin magana ne, yawanci kuma habaici ne ga wata ƙungiya. A zana kai giwa, a zana abokin hamayya ƙaramar dabba. Sai ranar biki a bi da tutar ta ƙofar waɗanda aka yi dominsu. Sau da yawa a garuruwan gaɓar nan abin ya kai ga zub da jini da ƙone gidaje. Da wannan Ingilishi suka sami hanyar shiga. Suka ce ba a fito da sabuwar tuta sai hukuma ta gani ta yarda. Sun ma taɓa hana babban bikin garin, Fetu Afahye, sai a 1948 aka koma yinsa. Amma in suna da bukata sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa: a yaƙin 1873 zuwa 1874, da suka tashi daga Kep Kos suka ci Kumasi, a wajen mutanen gaɓa suka nemi mayaƙa da ƴan ɗaukar kaya. Cikin rundunar tasu akwai sojojin Hausawa.

Daga nan garin ya fara ja da baya. A 1877 aka mai da babban birni Ankara. Hanyar jirgin ƙasa daga Sakondi ta isa Kumasi a 1903, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ciniki ya bi can, samari suka bi ciniki. Ƴan sanda da ma'aikatan gari suka karɓi ayyukan da asafo ke yi. Masu zuwa coci da yawa suka janye jiki, don kowace ƙungiya tana da wurin tsafinta, posuban, inda ake ajiye ganguna da tutoci.

Na san wasunku tun ɗazu suna tuna gayya da samariya. Ba ku yi kuskure ba. Bayan 1974 gwamnati ta tayar da samariya, aka gina azuzuwan lakwal da gumin samari, mun gani da idonmu. Amma da yake a jikin mulki aka ɗaure ta, da mulkin ya sake a 1991 sai ta yi sanyi. Asafo kuwa ba hukuma ta kafa ta ba, shi ya sa ta ga tafiyar Ingilishi, ta ga gwamnatocin soja da na farar hula, ta rage ƙarfi amma ba ta mutu ba.

Har yanzu kafin bikin Fetu Afahye akan hana kiɗa da su a tabkin Fosu na wasu makonni, a keɓe rana ta share gari. Ranar Asabar ta farkon watan Satumba kuma ƙungiyoyin bakwai su fito, kowace da launin tufafinta, su ratsa gari tare da sarki. In Allah ya kai waninku can ranar, ya duba kusurwar tutocin. Tsofaffin suna ɗauke da alamar Ingila, waɗanda aka ɗinka bayan 1957 kuma ta Gana.