Yadda Hausa Ta Shiga Baƙaƙen Boko



Kwanan baya 'yar ƙanwata da ke karatu a jami'a nan Gubi ta nuna mini littafin da take koyon harshen Koriya da shi. A ƙarƙashin kowane harafinsu an rubuta lafazinsa da baƙaƙen boko don mai koyo ya samu madafa. Rubutun nasu, wato Hangul, Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, kuma a 2000 gwamnatin Koriya ta Kudu ta fitar da ƙa'idar rubuta shi da boko, inda garin Pusan ya koma Busan. Da ɗalibi ya ƙware sai ya ajiye bokon ya riƙe Hangul.

Wannan ya tuna mini da namu tarihin. Kafin zuwan Turawa, da ajami malamanmu ke rubuta Hausa, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu. Masu koyo daga waje ne suka fara sa ta cikin boko. Wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, sannan ƙamus a 1876. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912.

Abin da ya ba su wahala shi ne sautukan da Ingilishi ba shi da su. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, har a shekarun 1930 aka tsayar da masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. A wannan zamanin ne Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933, wadda ta fito da littafin Shaihu Umar na ɗan Bauchinmu, Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Sannu a hankali boko ya mamaye makarantu da ofisoshi, ajami ya koma zaure da tsangaya. A 2007 ma an cire shi daga ƙananan takardun naira.

Yau bokon kansa yana samun rauni a hannunmu. A waya muna rubuta baki alhali baƙi muke nufi, mu rubuta kafa a maimakon ƙafa, bata a maimakon ɓata. Yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka daidai ne.

Roƙona ga mambobi guda biyu ne. Kowa ya sa allon rubutu na Hausa a wayarsa, minti biyu ya isa. Wanda kuma ke da tsofaffin takardun ajami na iyaye ko kakanni, ya kawo taronmu na gaba mu ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya