Buƙatu Biyar na Magami: Tarihin 'Yancin Faɗar Gaskiya a Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a Dingyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, tarihi ne ya kewaye shi. Ga Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ga Boɗinga, inda ƙanensa Abdullahi ya zauna. Kufan Satiru ba shi da nisa, haka ma garin Shagari. A wannan ƙasa an sha yin tambayar da za mu yi nazari a kanta: wa ke da ikon gaya wa mai mulki cewa ya yi kuskure, kuma me mai mulki zai yi da wanda ya gaya masa? Mu da aikinmu magana ce a gaban jama'a, tambayar nan ta shafe mu kai tsaye.

Roƙon da aka yi a Magami

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin sallar layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka biyar.

Mu lura da yadda buƙatun suka haɗu. Biyu na farko su ne abin da yau muke kira 'yancin faɗar albarkacin baki da 'yancin addini. Na huɗu ya shafi tsare mutane. Na biyar ya shafi abin da talaka zai ci. Mai wa'azin bai nema wa kansa kaɗai ba, ya sa fursuna da manomi cikin roƙonsa.

Amma 'yancin nan alheri ne na sarki ɗaya, ba a kafa shi a kan wata doka da ta fi ƙarfin sarki ba. Da Nafata ya hau gado, sai aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addinin kakanninsa, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. A zamanin Yunfa, a ƙarshen 1803, mayaƙan Gobir suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, wani almajirin Shehu, Ba'are. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. A Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Da mulki ya koma hannun masu kuka

Nan ne darasin ya yi nauyi. Tun yaƙi bai ƙare ba, Abdullahi ya ga son dukiya da sarauta sun fara shiga jama'ar. A 1807 ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya dawo. Kukansa na cikin gida ne, kuma darajarsa ta kare shi.

Abdussalami bai sami wannan kariya ba. Yana ganin rabon da aka ba shi bayan nasara bai kai wahalar da ya sha ba, yana kuma zargin manyan sabuwar daula da zalunci. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya fito fili tsakaninsa da Muhammadu Bello. Masana tarihi sun kawo cewa an biyo da wasu kamammu ta garinsa Kware, ya sa aka kwance su, kamar yadda aka taɓa kwance mutanensa a Ɗegel. Wasiƙu suka yi ta kai-kawo. Bello ya zarge shi da haɗa kai da abokan gāban daula, ya kuma nemi ya dawo ga biyayya. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya gudu da rauni, ya mutu a Bakura.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa Bello ya gaji daula a lokacin da tawaye ya tashi ta ko'ina, kuma ya yi rubutu kafin ya zare takobi. Ya kuma wajabta mu tuna cewa yawancin abin da muka sani game da Abdussalami daga alƙalamin Bello ya fito. Sau da yawa haka labarin mai kuka yake iso mana, ta bakin wanda ya rinjaye shi.

Satiru, 1906

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. A Satiru, kimanin mil 14 kudu da birnin, talakawa da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu sun taru ƙarƙashin malamai masu wa'azin Mahadi, cikinsu akwai Malam Isa da Ɗan Makaho. Ba su yarda da mulkin Nasara ba, ba su yarda da sarakunan da suka miƙa wuya ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 suka fatattaki rundunar da aka tura, suka kashe Turawa uku da sojoji kimanin 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo da babbar runduna tare da mahayan Sakkwato. An kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda zai sāke gini ko noma a wurin.

Mutanen Satiru sun ɗauki makami, sun kuma zubar da jini, ba za mu ɓoye wannan ba. Duk da haka hukuncin ya wuce masu laifi ya haɗa da mata da yara. Kuma a tsarin da Turawa suka kafa, talaka ba shi da ƙofar kai kuka sai ta hannun hakimin da yake kuka da shi.

Bakolori, 1980

Wani zai ce wannan duk zamanin sarakuna da Turawa ne. To, mu zo zamanin farar hula. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin tana cikin jihar Sakkwato. Manoma suka rasa gonaki, diyya ta yi jinkiri, suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan. Adadin da gwamnati ta faɗa bai kai 30 ba, masu bincike kuwa sun ƙirga sama da 380. A lokacin akwai tsarin mulki a rubuce, akwai majalisa, akwai kotu. Takarda kaɗai ba ta tare harsashi.

Inda doka ta tsaya yau

Tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, na faɗar albarkacin baki a sashe na 39, na taro cikin lumana a sashe na 40. Sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007 cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki.

Ikon gwamnati yana da wurinsa. A Mayu 2022, bayan taron matasa sun kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, sannan tarzoma ta biyo bayan kama waɗanda ake zargi, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24. Wannan amfani da iko ne domin ceton rai. Taron da ya fito ya kashe mutum ko ya ƙone dukiya ya fita daga inuwar sashe na 40. Manomin da ya zauna a hanya yana neman diyyar gonarsa yana cikin inuwar.

Kammalawa

Daga Magami zuwa Bakolori abu guda ke maimaituwa: mutum yakan ga darajar 'yancin magana lokacin da shi ake hanawa, ya manta da ita ranar da sanda ta shigo hannunsa. Mu ma ba mu fi ƙarfin wannan jarraba ba. Mukan ɗaga murya idan an hana mu filin gini ko wa'azi, mu yi shiru idan an tsare malamin da ba namu ba, ko an harbi manomin da bai taɓa shiga majami'armu ba. Kuma cikin ikkilisiya mu ne masu sanda. Yadda muke yi da dattijo ko matashin da ya tambayi lissafin baiko yana nuna irin mulkin da za mu yi da an ba mu ƙasa. Wanda zai roƙi Bawa ya bar shi ya yi wa'azi, sai ya sa fursuna da talaka cikin roƙonsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin buƙatu biyar na Magami, wanne ne ikkilisiyarku ta fi nema, wanne kuma ta fi mantawa da shi?
2. Yaya za ku bayyana wa matasanku bambanci tsakanin zanga-zangar lumana da tarzoma?
3. Wace ƙofa mai kuka da shugabanni yake da ita a majalisar ikkilisiyarku, kuma wa ke rubuta labarinsa?