Suna Linzami: Kalmomin Tsaunin Ƙanƙara da Abin da Suke Faɗa wa Iyali

Da Bahaushe ya ga abin da ke saukowa daga sama a ƙasashen sanyi, fari fat, a barbaje, ba ƙwaya-ƙwaya irin ƙanƙarar damina ba, sai ya duba cikin gidansa ya raɗa masa suna: dusar ƙanƙara. Sunan ya zauna daram, don wanda ya taɓa damƙar ta sabuwa ya san yadda take watsewa a hannu. Wasan da ake yi a kanta kuma muka ce masa zamiya. Daga nan kalmominmu suka ƙare, na masu tsaunin suka fara.

A ɗauki iyalin da ke son kai yara tsaunukan Alps a hutun hunturu: uba ya ɗan iya wasan, yara biyu ba su taɓa gwadawa ba, kaka kuma ta ce ita kallo ya ishe ta. Suna buɗe takardar talla sai su ci karo da kalmomi da launuka da lambobi. Yawancinsu gwanaye ne suka ƙirƙiro su, 'yan kasuwa kuma suka ƙawata. Wanda ya san asalinsu zai gane waɗanda ke magana da iyalinsa da waɗanda ke magana da wasu can daban.

Kalmar ski daga Norway ta fito. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai, skíð na nufin faskararren itace. Mutum ya faskara icce, ya ɗaura a ƙafa don kada ya nutse in zai je farauta ko ƙauyen maƙwabta. Ita kuwa piste, hanyar da ake zamiyar a kai, ba baƙuwa ba ce ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, don da Faransanci haka ake kiran hanyar da ba ta da kwalta. Faransawa sun aro ta daga Italiyanci, tushenta kuma daka ne da tattakewa. Wato daɓe ke nan. Kamar yadda mata ke taruwa su daɓe tsakar ɗaki, haka wata babbar mota da ake kira dameuse ke bin hanyoyin cikin dare tana danne dusar tana baje ta. Ɗan koyo a kan wannan daɓen kaɗai zai tsaya. Duk wurin da tallarsa ta fi ƙarfi a kan hors-piste, wato bayan daɓe, inda dusa ke da zurfi kuma take iya zaftarewa, da ƙwararru yake magana.

Launuka su ne suka fi ruɗa baƙo. A Faransa hanyoyin huɗu ne: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa, don haka shuɗi a can shi ne matakin ƙasa. A Amurka da Kanada kuwa koren da'ira ce ta masu koyo, shuɗin murabba'i na matsakaita ne, baƙin lu'ulu'u na gwanaye. Launi ɗaya, ma'ana uku. A ƙa'idar Ostiriya, gangaren shuɗi ba ya wuce kashi 25 cikin 100, wato saukar mita 25 a kowace tafiyar mita 100, ja kuma ya tsaya a kashi 40. A wurare da yawa kuwa, masu wurin ne ke raba launukan gwargwadon tsauninsu, shi ya sa shuɗin tsauni mai tsini kan yi daidai da jan wani tsaunin mai kwanciya. Abin da ya kamata uba ya nema a taswira shi ne ko akwai hanya mai sauƙi da ke sauka har bakin masauki. In hanyar komawa gida ja ce, yaron da ya wuni yana murna da kuka zai rufe yininsa.

Sai lambobi. Filin zamiya na Les 3 Vallées na alfahari da kilomita 600 na hanyoyi a haɗe. Amma wanda ya fara koyo ranar Lahadi, 'yan gangare kaɗan zai yi ta maimaitawa har Juma'a. Tikitin hawa, wanda ake kira forfait, tsadarsa na bin faɗin filin, don haka a tambayi ƙaramin tikitin masu koyo. Wasu wuraren ma filin 'yan farawa kyauta ne. Akwai kuma lambar da ke manne da sunan gari, irin su Arc 1600, Arc 1800 da Arc 2000. Tsayi ne daga matakin teku, a mitoci, sai dai ba kullum ne ma'aunin ke cika ba. Courchevel 1850, wanda aka fara ginawa a 1946, tsakiyarsa kusan mita 1,750 take, daga baya ma aka cire lambar daga sunan. Dalilin son babbar lamba a fili yake: sama ta fi tabbacin dusa. Amma Val Thorens, mai mita 2,300, ya wuce inda itatuwa ke tsirowa. Iska ta fi kaifi, numfashi ya fi nauyi, kuma dattijuwar da ta taso daga ƙasa mai zafi na iya kwana da ciwon kai a daren farko. Lambar da ke faranta wa gwani rai, ita ce ya kamata a auna da lafiyar kaka.

Kalmomin da suka shafi yara su ne suka fi daɗin ji. Makarantar koyar da zamiya ta Faransa, ESF, da aka kafa a 1945, an san malamanta da jajayen riguna. Filin da aka killace wa ƙanana sunansa jardin des neiges, lambun dusar ƙanƙara. 'Yan shekara uku ana ce musu Piou-Piou, kwaikwayon kukan ɗan tsako, kamar mu ce 'yan tsiyau-tsiyau. In yaro ya ci gaba sai ya sami lambar Ourson, ɗan beyar, sannan Flocon, ƙwayar dusa, sannan taurari ɗaya bayan ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma sunayen sun yarda da haka. Darasin farko shi ne chasse-neige: a haɗa bakin katakan biyu a gaba, a ware bayansu, su riƙa ture dusar kamar garma na kifa ƙasa. Jamusawa ma garma suke kiransa. Wannan ya sa nake ganin kalmarmu ta zamiya rabin labarin ta faɗa. A Hausa zamiya tsautsayi ce, abu ne da ke samun mutum ba da son ransa ba. A tsauni kuwa abin da ake biyan malami ya koyar tun ranar farko shi ne tsayawa.

Na'urorin hawa ma sunayensu na bayyana masu su. Tapis darduma ce mai tafiya, yaro ya tsaya a kai ta kai shi saman ɗan tudu. Téléski sanda ce da ake maƙalawa tsakanin cinyoyi ta ja mutum, kuma tana kayar da 'yan koyo sosai. Télésiège kujera ce a rataye, ƙafafu na lilo. Télécabine da téléphérique ɗakuna ne rufaffu masu bin igiya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne kaka za ta shiga da takalminta, ta zauna, ta iske jikokinta a sama a ci abincin rana tare.

A nan muka iso ga kalmar da ta fi damuna. Takardun talla kan kira mutum irin kaka non-skieur, wato wanda ba ya zamiya. An raɗa mata suna da abin da ba ta yi, sai ka ce rakiya kawai ta zo. Akwai wata kalmar da ta fi mutunci: piéton, mai tafiya a ƙasa. Wurin da ke sayar da forfait piéton, ya share hanyoyin yawo, ya tanadi raquettes, faffaɗan takalman taka dusa, da luge, ɗan kwale-kwalen gangara da yaro da babba ke hawa, wannan wurin ya lissafa da ita. Tarihi ma yana bayanta. Baƙin hunturu na farko a Davos a shekarun 1860 masu ciwon tarin fuka ne da suka zo neman busasshiyar iska, kuma a St. Moritz daga 1864 ake ƙirga zuwan masu hutun sanyi, tun kafin zamiya ta mamaye Alps. Rana da iska da kallon tsauni suka kawo su. Mai tafiya a ƙasa shi ne baƙon asali.

Don haka a duba irin garin. Faransawa na cewa station, kalmar da takwararta ta Ingilishi ta haifi tasha a bakinmu. Wasu tashoshin, kamar La Plagne da Les Arcs, an gina su ne a shekarun 1960 domin zamiya zalla, kirarinsu skis aux pieds: daga ƙofar ɗaki sai kan daɓe. Sauƙi ne babba ga mai yara, don takalmin zamiya nauyi gare shi. Wasu kuwa tsofaffin garuruwa ne masu kasuwa da titunan yawo, irin Megève. Zermatt ta hana motocin fetur shiga, kuma jirgin ƙasanta na Gornergrat, da aka buɗe a 1898, yana kai mutum mita 3,089 yana zaune yana kallon tsaunin Matterhorn. Chamonix, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, aljannar mai kallo ce, don igiyar Aiguille du Midi na kai mutum dab da ƙolin wannan tsauni mai mita 3,842. Sai dai filayen zamiyarta a warwatse suke cikin kwari, yawancinsu masu tsini, sai an bi bas. Girman suna bai ce ya dace da ɗan shekara biyar ba.

Kalma ta ƙarshe ita ce après-ski, bayan zamiya. A wurare irin su Ischgl da St. Anton na Ostiriya, ma'anarta kiɗa da giya tun daga la'asar. Iyalin da ke neman natsuwa, in suka ga an yi mata kirari da manyan baƙaƙe, sun san abin da za su tarar. Haka sunayen abinci: tartiflette da naman alade ake yin ta, fondue ta cuku kuma da ruwan inabi mai sa maye, don haka a tambaya kafin a zauna. Amma a Faransanci après-ski na da wata ma'anar: takalma ne masu ɗumi, masu kama ƙasa, da ake sawa don yawo cikin dusa. Su za a fara saya wa kaka. Ranar da ƙaramin jikanta zai gangaro daga ɗan tudunsa da garmarsa a gaba, ya tsaya cak da kansa a karon farko, zai ɗaga kai ya nemi wanda ya gani. Wurin da ya dace shi ne wanda ta iya takawa da ƙafarta har bakin shingen, ta ce masa: «Na gan ka, maigidana, sannu da ƙoƙari.»