Kariyar Mai Halartar Kotu Daga Kamu Kan Bashi: Waiwaye a Arewacin Zazzau

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi tarihin tambaya guda. Idan aka aika wa manomin Taba, ko Kudan, ko Makarfi sammaci ya zo ya ba da shaida, alhali ana bin sa bashi, shin mai bashin yana da ikon sa a kama shi a ƙofar kotu? Tambayar tana da nauyi, domin in shaidu suka san kamu yana jiransu za su ƙi zuwa, shari'a kuwa ba ta tafiya sai da shaida.

Alƙalan Zazzau mazhabar Malikiyya suka gada. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Tuhfa ta Ibn Asim, tsare wanda ake bi bashi hukunci ne na alƙali, bayan bashin ya tabbata. Ana tsare shi ne don a gane ko yana ɓoye dukiya. In talaucinsa ya bayyana sai a sake shi, a jira ya samu, bisa ga aya ta 280 ta Suratul Baƙara.

Dokar Ingila kuwa ta ɓullo ta wata hanya. Tun da daɗewa ta hana a kama masu ƙara da shaidu da lauyoyi a kan neman haƙƙi, yayin zuwansu kotu, da zamansu a cikinta, da komawarsu gida. Kariyar ba ta shafi wanda ake tuhuma da laifi ba. A 1869 kuma aka soke yawancin ɗauri kan bashi a can.

Turawa sun ci Zazzau a 1902, amma dokar tasu ta tsaya a manyan kotuna. Talakan Ikara gaban alƙali yake zuwa, alƙali kuwa ma'aikacin En'e ne, haka dogarai da 'yan doka. Tun da mulki da shari'a da kamu suna hannu ɗaya, mai bashin da ke da uwa a gindin murhu ba ya rasa hanya. Wannan, a ganinmu, yana cikin dalilan da suka sa talaka yake tsoron sammaci. Dokar soja ta 1967 ce ta raba kotunan da En'e, aka kafa kotunan yanki a 1968.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙayyade dalilan da za a iya tsare mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana neman haƙƙi a hannunsa.

Daga ƙarshe, ya kamata mu lura da iyakar wannan kariya. Ba ta biyan bashi, kuma kotu tana iya ɗaure wanda aka yanke wa hukuncin biya, yana da hali ya ƙi. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce mai bashi ya canza wa bashinsa suna, ya kai ƙarar zamba ko cin amana. Rarrabe bashi da laifi a wannan gaɓa aiki ne da yake wuyan alƙali.